Tsohon kifin enjel ɗina ya hana sabo sakat, a raba su ko a bar su su saba?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Tankina na ruwan gishiri ne, lita 350, tsawonsa santimita 120, cike da duwatsu da murjani masu laushi da 'yan zoanthid, wasu ƙananan halittu dangin murjani. Akwai kifin enjel nau'in Coral Beauty da ya daɗe a ciki tare da ƙananan kifaye biyu nau'in Ocellaris, ba su taɓa samun matsala ba. A makon nan na kawo wani enjel ɗin, Flame, jan nan mai baƙaƙen zane a jiki. Tun da na sake shi tsohon bai bar shi ya huta ba. Yanzu haka yana can sama a kusurwa, ya laɓe bayan injin kaɗa ruwa, wutsiyarsa ta tsage, jan nasa ya koɗe, kuma ban ga ya ci komai ba. Girmansu kusan ɗaya ne. Wanda ya sayar min ya ce in ƙyale su, za su saba da juna. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Masu ilimin abin, me kuka gani?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka jira su saba. Enjel kifin dutse ne, cikin ramuka yake rayuwa. Duk ranar da ka gan shi ya bar duwatsu ya koma saman ruwa a kusurwa, to an ƙwace masa ko'ina ne, ba shi da wurin kwana, ba shi da wurin kiwo. Wanda ake ɗan kora ya shige rami ya sake fitowa ya ci gaba da tsince-tsincensa, wannan ana iya zuba masa ido. Naka ya wuce nan.

Dalilin faɗan kuwa a fili yake. Su biyun duk 'yan gida ɗaya ne, Centropyge. Coral Beauty shi ne Centropyge bispinosa, Flame kuma Centropyge loriculus. Siffar jiki ɗaya, baki iri ɗaya, abinci ɗaya: wuni suke yi suna tsintar gansakuka da ƙananan abubuwa a jikin dutse. Bambancin launi da kake gani bai dami tsohon ba, shi dai ya ga wanda zai ci daga inda yake ci. Ga shi kuma girmansu ɗaya, babu wanda zai sallama da wuri. Ka raba su a daren nan idan da hali.

Dan_Sabongari:
Ni fa enjel shida gare ni a tanki ɗaya. Da farko biyu ne suna ta faɗa, da na ƙaro huɗu sai faɗan ya rarrabu, kowa ya samu lafiya. Ka ƙaro wasu kawai Malam.

Injiniya_Bala:
Dan_Sabongari, naka masu dogon fiffike ne sama da ƙasa, faffaɗa kamar faifai, a ruwan daɗi?

Dan_Sabongari:
Su ne. Farare da baƙaƙe.

Injiniya_Bala:
To waɗannan Pterophyllum ne, asalinsu kogunan Amazon a Kudancin Amurka, dangin karfasa ne. Ba su haɗa komai da na teku ba sai suna. Dabararka tana aiki a wurinsu, amma idan Abu_Hanan ya zuba Centropyge shida a lita 350 gawarwaki zai kwashe.

Dan_Sabongari:
Na gode da gyara Injiniya. Allah ya ƙara sani.

MamanIlham:
Sannu Baban Hanan, Allah ya kawo sauƙi. Wannan ai zancen uwargida da amarya ne, an kawo mata sabuwa ba sallama an ce ga ɗakinki nan ku raba. Kafin ka samu damar raba su, ka manna madubi a jikin gilashi ta waje, a ɓangaren da ke nesa da inda sabon yake. Tsohon zai ga wani irinsa sak, kuma irinsa ya fi ba shi haushi fiye da jan, sai ya tare a can. Ni na yi haka, ya ba nawa sabon damar sauka ya nemi rami. Sannan ka kashe fitilun tankin, duhu yana rage kora sosai.

Bakano_a_Jidda:
Hajiya, madubi yana taimakawa, amma na ɗan lokaci ne. Wasu kifayen bayan 'yan kwanaki sai su daina kula shi. Wasu kuma su yi ta dukan gilashi har bakinsu ya ji ciwo. A sa ido dai.

Ni ra'ayina ya sha bamban da na mutane da yawa: tsohon za a fitar, ba sabon ba. Idan ka cire sabon ka mayar da shi bayan mako biyu, me ya canja? Tsohon yana nan da duwatsunsa, sai dai ma ya ƙara samun ƙarfin gwiwa. Amma idan ka ɗauke tsohon ka ajiye shi a tankin ƙasa, wanda ke tace ruwan babban tankin, ko wani tanki daban, sabon ya warke, ya san ramuka, ya fara ci, to ranar da tsohon zai dawo shi ne baƙo. Na ga wannan ya yi aiki a wurin mutane da dama a nan.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Na kashe fitila, na sa madubin kamar yadda Hajiya ta ce. Malam na Jidda, maganarka ta shige ni, amma ta yaya zan kama tsohon? Da ya hango raga yake shigewa ƙarƙashin dutse.

Bakano_a_Jidda:
Kada ma ka kusance shi da raga. Duk enjel na teku yana da ƙaya mai kaifi a kumatunsa, kowane gefe. Idan ta maƙale a raga, wajen cirewa ake ji masa rauni, wani lokacin sai an yanka ragar. Tarko za ka sa, akwatin roba mai haske da ƙofa mai zamewa. Ka bar shi a ciki a buɗe, ka riƙa zuba abinci a cikinsa kaɗai har ya saba shiga. Mai mulkin tanki shi ne ke fara shiga kullum, don ba ya yarda wani ya riga shi ci.

Injiniya_Bala:
Wannan zai ɗauki kwanaki, kuma jan ba shi da kwanakin. Shi yana saman ruwa a gajiye, da kofin roba ma ana iya ɗebo shi da dare. A fara ceto shi tukuna, sai a yi maganar wanda za a fitar.

Sadiya_Terengganu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun halittun teku a Malesiya, bari in ɗan ƙara a kan bayanin Injiniya. Centropyge a teku ba zaman kowa da kowa suke yi ba. Namiji ɗaya ne ke riƙe da yanki, da 'yan mata a ƙarƙashinsa, kowace da inda take kiwo. Kuma suna fara rayuwa ne a matsayin mata. Wadda ta fi girma da ƙarfi ita ke rikiɗa ta zama namiji idan babu namiji a wurin. Saboda haka kifin da ya daɗe shi kaɗai a tanki, babu mai danne shi, akwai yiwuwar ya riga ya zama namiji. Idan sabon da aka kawo shi ma babba ne, to ƙila maza biyu aka haɗa a fili ɗaya.

Shi ya sa masu son ajiye biyu suke sayen iri ɗaya, ɗaya babba ɗaya ƙarami sosai, su saka su rana ɗaya. Babban ya zama namiji, ƙaramar ta zauna a mace. Yaya Abu_Hanan, ka duba ƙarshen fiffiken baya na jan, sama da ƙasa. Mazan Flame sun fi yawan shuɗi a wurin.

Abu_Hanan:
Ikon Allah. Malama Sadiya ban taɓa jin wannan ba. Shuɗin yana da yawa kuwa.

Alhaji_Tsoho:
Yara, ku yi haƙuri da ni, ni ba zan ba da dabara ba. Abu_Hanan, ka mayar da jan inda ka saye shi, ko ka ba wani mai tanki da babu enjel a ciki. Lita 350 gidan Centropyge ɗaya ne. Waɗanda kuke gani sun haɗa uku ko huɗu, ku tambaye su girman tankinsu, za ku ji lita 700, 1000, da duwatsu jibge. Kuma hoton ranar da aka yi sa'a ake nuna muku, ba a nuna na wanda ya mutu. Dabbar da ka tsare a gilashi ba ta da inda za ta gudu, a teku da ta yi gaba abinta. Haƙƙinta yana wuyanka. An ɗauko kifin nan daga tsibiran Pasifik, ya sha jirgi, ya sha leda, bai kamata ƙarshensa ya zama bayan famfo ba.

MamanIlham:
Gaskiya ne Baba. Amma mayarwar ma wahala ce a kansa yanzu, da rauni a jiki a sake ƙulle shi a leda. Ko da bayarwa za a yi, a bari ya warke ya fara ci.

Alhaji_Tsoho:
Wannan na yarda, 'yata.

Dan_Bur_Sudan:
Salamu alaikum daga bakin Bahar Maliya. Ni ba ni da tanki, amma ina shiga teku, kuma ina karanta ku kullum. A nan muna da manyan enjel, Pomacanthus maculosus mai ɗigon rawaya a gefe, da asfur, da imperator. Wanda ya je wajen Sanganeb, wani tsibirin murjani a tekun Sudan, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, zai gan su. Abin da nake so ku sani shi ne faɗin wurin da babba ɗaya ke zagayawa. Sai ka bi shi da iyo ka gaji bai gama kewaye yankinsa ba. Imperator idan ka matsa masa har wani gurnani yake yi, kana ji a cikin ruwa.

Wani abin kuma, 'ya'yansu ba sa kama da iyayen ko kaɗan. Ƙaramin imperator shuɗi ne mai duhu da fararen zobba, sai ya girma yake komawa mai layukan rawaya. Na lura babba ba ya damuwa da ƙaramin da ke kusa da shi, amma da ya ga mai irin launinsa sai ya taso.

Sadiya_Terengganu:
Haka ne Kawu. Masu bincike da dama suna ganin amfanin wannan launin na ƙuruciya ke nan, yana rage musu farmakin manya. Shi ya sa a tanki ma rikici kan tashi lokacin da ƙaramin ya fara canja launi, bayan an daɗe ana zaman lafiya.

Garba_Lekki:
Tunda an zo maganar imperator, wani ya kawo min ƙarami, santimita 6 haka. Zai zauna a lita 300?

Injiniya_Bala:
Na ɗan lokaci kawai. Yana kaiwa santimita 40 a teku. Kuma zai cinye maka zoanthid da murjani masu tsoka. Ka buɗe wata tattaunawar daban mu yi maganarsa, kada ta Abu_Hanan ta ɓace.

Abu_Hanan:
Ga inda ake. Bayan isha'i na ɗebo jan da robar abinci mai haske, bai ma yi gardama ba. Na huda ramuka a jikin wata babbar roba, na rataye ta a cikin tankin, na sa masa guntun fayif ya shige ciki. Da safe na ba shi mysis, ƙananan jatan landen nan, ya ci kaɗan, alhamdulillahi. Tsohon yana ta zagaya robar yana baza fiffike. Sai dai na ga wasu fararen ɗigo kamar uku a fiffiken jan. Yashi ne ko ciwo?

Dr_Kifi:
Malam, ka killace shi kafin ka saka shi a babban tankin?

Abu_Hanan:
A'a, ba ni da tanki na biyu.

Dr_Kifi:
To ka sa ido sosai. Idan yashi ne zai faɗi cikin 'yan sa'o'i ba zai dawo ba. Idan ɗigon ya yi kwanaki, ya ɓace, sannan ya dawo da yawa, wannan ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans ce. Ɓacewar ba warkewa ba ce, ƙwayar ce ta sauka ƙasa ta hayayyafa. Kifin da aka wahalar da kora shi ne ke fara nunawa, don garkuwar jikinsa ta yi rauni. Idan kuwa ka ga kamar an barbaɗa masa hoda, yana numfashi da sauri, yana tsayawa a gaban famfo, to wata ƙwayar cutar ce daban, Amyloodinium, wannan cikin kwana biyu ko uku yake kisa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zuba maganin jan ƙarfe a babban tankin. Zai kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsu suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. A tanki daban ake yi, marar dutse marar yashi. Centropyge kuma ba sa jure shi kamar sauran kifaye, sai a hankali ake ƙara shi ana aunawa kullum. Idan ta tabbata ciwon ne, duka kifayen za a kwashe, a bar babban tankin babu kifi. Kwana 76 ne adadin da yawancin masu kiwo ke bi.

Bakano_a_Jidda:
To kun gani, idan ta kai ga haka ma matsalar yanki ta warware kanta. Duk za su fita, a mayar da su rana ɗaya, babu mai gida babu baƙo.

Injiniya_Bala:
A tankin magani fa? Nan ma sai an sa shinge a tsakaninsu, wuri ne ƙarami babu maɓoya.

Hauwa_Gwarinpa:
Yaya Abu_Hanan, a wane gari kake? Ina tambaya ne saboda wuta. Kifin da ke cikin roba ruwan da ke ratsa ramukan nan kaɗai ya dogara da shi. Idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, robar ce za ta fara rasa iska kafin sauran tankin, ga zafi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ni na taɓa rasa kifi a irin wannan akwatin a dare ɗaya da wuta ta tafi. Ka ƙara yawan ramukan, ka rataye ta inda ruwa ke kaɗawa, kuma ka nemi ɗan injin iska mai batir.

Abu_Hanan:
Kaduna nake. Famfon yana kan inbata, amma zan ƙara ramukan. Zafin ruwan 27 yake nunawa da rana.

Hauwa_Gwarinpa:
Ka ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, zai sauko zuwa 25 ko 26. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, ka riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri don ma'aunin gishirin ya tsaya a 1.025.

Mai_Murjani:
Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne murjanin. Ko sun shirya, enjel biyu a lita 350 gansakukar dutse ba za ta ishe su ba, kuma Centropyge mai jin yunwa kan murjani yake komawa. Yakan fara da masu tsoka irin su Acanthastrea da Trachyphyllia, da leɓen Tridacna, babbar kumbar tekun nan, idan akwai. Ba lallai ya cinye ba, tsinka ɗaya-ɗaya ce duk wuni har murjanin ya daina buɗewa. Wanda ke son enjel fiye da ɗaya tare da murjani, enjel 'yan gidan Genicanthus ya kamata ya nema, irin su lamarck ko bellus. Su a tsakiyar ruwa suke cin abincinsu, ba ruwansu da dutse, kuma ana gane mace da namiji da ido. Sai dai suna son tanki mai tsawo.

MamanIlham:
Nawa Coral Beauty bai taɓa taɓa murjani ba, kuma ya daɗe.

Mai_Murjani:
Kin yi dace Hajiya. Halinsu ba ɗaya ba ne, wani sai ya shekara lafiya sannan ya fara.

Injiniya_Bala:
Mu dawo kan tambayar. Abu_Hanan, idan ɗigon bai dawo ba kuma ka yanke shawarar gwadawa, ga yadda ni zan yi. Jan ya zauna a robar har wutsiyar ta haɗe, yana ci da ƙarfi, kuma tsohon ya daina zagaya shi. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni, ba lissafin kwanaki ba. Kafin ka sake shi ka sauya tsarin duwatsun, ka raba su tsibi biyu da fili a tsakani, yadda wanda ke wannan gefe ba zai hango na wancan ba. Yawancin kora daga hange take farawa. Ka maƙala ganyen nori, busasshiyar ciyawar teku, a gefe biyu, ka ciyar da su kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Ka sake shi da dare bayan an kashe fitila, a ranar da za ka wuni a gida washegari.

Mai_Murjani:
Sauya duwatsu a tankin da murjani ya riga ya kama ba ƙaramin abu ba ne Injiniya. Za a karya wasu, a tayar da dattin da ke ƙarƙashin yashi, wanda ya saba da haske ya koma inuwa. Kuma ciyarwa sau huɗu za ta ɗaga naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke tarawa a ruwa. Saboda kifi ɗaya a jefa tanki duka cikin haɗari?

Injiniya_Bala:
Ba rushewa na ce ba. Duwatsun sama da ba su da murjani za a matsar, a ƙara sabbi biyu ko uku. Abincin kuma adadinsa ɗaya ne, rabawa kawai za a yi.

Bakano_a_Jidda:
Ina nan kan bakana. Muddin tsohon bai bar tankin nan na ɗan lokaci ba, ranar da aka buɗe robar za a koma gidan jiya. Tunda yanzu akwai robar, a yi musanya: a kama tsohon da tarko a sa shi ciki, a saki jan.

Sadiya_Terengganu:
Wannan musanyar tana da ma'ana Yaya, amma robar ta zama babba. Kifi mai ƙarfi da ya saba yawo zai yi ta dukan bango a ƙaramin wuri.

Abu_Hanan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗigon biyu sun ɓace, ɗaya yana nan. Jan yana ci sosai yanzu, launinsa ya fara dawowa. Tsohon ya rage zagayen amma da an zuba abinci sai ya taso wa robar. Na sayo ƙaramin tanki na lita 60 saboda maganar Dr_Kifi. Akwai wani abokina mai babban tanki da ya ce zai karɓi jan idan na ga ba za ta yiwu ba. Har yanzu ban yanke ba, yarana sun shaƙu da shi.

Alhaji_Tsoho:
Ka riƙe abokin nan da kyau. Amma kada ka kai masa kifi mai ɗigo a jiki, ka zuba masa ciwo a tanki.

Dr_Kifi:
Lita 60 ɗin nan, ka jefa soson tace ruwa a tankin ƙasa tun yau don ƙwayoyin da ke cinye amoniya su kama shi. Tankin killacewa da aka haɗa da gaggawa amoniya ce ke kashe kifi a cikinsa kafin ciwon. Kuma ka ɗauko mana hoton fiffiken da fitila fara, ba shuɗiya ba, mu ga ɗigon da ya rage.